Idan Taya Ta Yi Faci a Hanya

Canjin tayar mota ba shi da wuyar da ake ɗauka. Wanda ya saba, minti 20 ya ishe shi, wanda bai taɓa yi ba ma da wuya ya wuce minti 40 in ya bi a hankali. Sai dai a wannan ɗan lokaci mutum yana tsakanin haɗari biyu. Na farko motocin da ke wucewa ta gefensa a guje, na biyu kuma motarsa da kanta, mai nauyin fiye da tan 1, wadda za ta tsaya a kan ɗan ƙarfen da faɗin kansa bai kai tafin hannu ba. Duk tsarin da za a bi an shimfiɗa shi ne saboda waɗannan biyun: a nisanta daga titi gwargwadon iko, a kuma rage lokacin da mota za ta yi a sama. Ƙa'idar da ya kamata ta zauna a kan kowane direba ita ce, duk aikin da ke buƙatar ƙarfi ana yin sa ne taya tana ƙasa. Da zarar jak ya ɗauki mota, sai aikin lallaɓawa.

Kayan da ke cikin but

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mafi yawan wahalar da ake sha a bakin titi tun daga gida ake ɗauko ta, musamman ga masu motocin da aka sayo na hannu, 'yan Kwatano. Sau da yawa motar kan iso babu jak, ko da jak ɗin wata motar, ko da sufanar da ba ta shiga notunan. Notunan yawancin motocin Toyota lamba 21 ne, na Honda 19, na Volkswagen 17, don haka sufanar maƙwabci ba lallai ta yi maka aiki ba. Ka zaɓi wata rana da kake da sukuni, ka tsaya a ƙofar gida, ka fito da komai ka gwada: jak ɗin ya hau ya sauka, sufanar ta kama noti daram, ka kuma kwance noti ɗaya ka mayar don ka ji ko ƙarfinka zai iya. In ƙaramar sufanar da ta zo da motar ce kawai gare ka, ka sayi mai baki huɗu, wadda aka yi kamar gicciye. Ba ta da tsada a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma hannu biyu ake kama ta, ƙarfin ya rabu daidai.

Safaya ita ce abin da aka fi mantawa. Taya tana rage iska a hankali ko ba ta da ƙusa, kuma wadda ke kwance a but shekara guda ba a duba ta ba, ranar da aka neme ta a laƙwashe za a same ta. Duk lokacin da ka tsaya wurin mai faci a duba iskar tayoyi huɗu, ka buɗe but a duba ta biyar. Masu Hilux, Hiace da Sienna kuma su sani tasu safayar a ƙarƙashin mota take rataye, ana sauko da ita ne ta hanyar juya wani ƙarfe. Ƙura da ruwan damina kan sa wannan wurin ya yi tsatsa ya ƙi juyawa, gara ka gano haka a gida da ka gano shi a daji. Haka nan in rim ɗinka yana da noti na musamman na hana sata, makullinsa ya zauna a cikin motar, kada ya kwana a aljihun wata riga.

Bayan waɗannan, ka ajiye alamar gargaɗi mai kusurwa uku, wadda jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke tambaya a hanya, da tocila mai batir, da tsumma, da guntun katako mai kauri wanda faɗinsa ya kai taƙi guda, da waigi biyu. Katakon nan mutane kan raina shi, alhali a ƙasarmu ta yashi da laka shi ne ke raba aiki da ɓarna.

Kafin mota ta tsaya

Faci iri biyu ne. Akwai na ƙusa, wanda iska ke fita sannu a hankali har ka ji sitiyari ya yi nauyi, mota tana ja gefe ɗaya, ko ka ji wani sauti faf-faf daga ƙasa. Akwai kuma fashewa, wadda ta fi yawa a watannin zafi, Maris zuwa Mayu, lokacin da kwalta ke ƙuna, ga lodi, ga tsohuwar taya. In taya ta fashe kana gudu, ƙafarka za ta nemi birki da kanta, kuma nan ne ake samun wuntsilawa. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu da ƙarfi, ka miƙe motar a kan hanyarta, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka bar gudun ya ragu da kansa. Sai ta sauko sosai sannan ka fara taɓa birki kaɗan-kaɗan, ka kunna fitilun gargaɗi, ka nemi gefe.

Inda za ka tsaya ya fi komai muhimmanci a duk wannan aiki, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci, domin hankalinsu yana kan kada taya ta lalace. Kada ka tsaya a kan kwana, ko bayan tudu inda mai tahowa ba zai hango ka ba sai ya iso, ko a kan gada, ko a gangare. Ka nemi wuri miƙaƙƙe, shimfiɗaɗɗe, mai ƙasa mai tauri, wanda motar za ta fita daga kwalta gaba ɗaya. In babu irinsa a kusa, ka ci gaba da gangarawa a hankali, kamar tafiyar mai keke, har ka samu. Tafiya a kan taya mara iska tana cinye ta, tana iya lanƙwasa rim, gaskiya ne. Amma taya da rim kuɗi ke sayen su.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, haka ma Nijar take, don haka tayoyin ɓangaren direba su ne ke fuskantar titi. In ɗaya daga cikinsu ce ta yi faci, bayanka zai kasance ga motoci duk tsawon aikin. A irin wannan hali ka ƙara shiga ciki sosai, ka bar tazarar da ko ka durƙusa ka miƙe ƙafa ba za ta taɓa kwalta ba. Tirela in ta wuce da gudu, iskarta kaɗai tana girgiza ƙaramar mota, kuma motar da ke kan jak ba ta son girgiza.

Sai maganar dare da wuraren da babu tsaro, wadda ba sai an yi wa direban Arewa dogon bayani a kanta ba. In tayarka ta sace a wurin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, kada ka fito. Ka lallaɓa a haka har zuwa gari, ko gidan mai, ko shingen jami'an tsaro, ko da tayar za ta zama tsumma. A Najeriya lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, akwai kuma 112 ta gaggawa ta ƙasa baki ɗaya.

Kafe motar

Da ka tsaya, ka ja birkin hannu har ƙarshe. Mota atomatik a sa ta a P, manuwal kuma a kashe inji a bar ta a giya ta ɗaya ko ribas. Ka miƙe tayoyin gaba, ka zare makulli. Kowa ya fito, ta ƙofar da ba ta kallon titi, su koma can nesa da kwalta. Al'adarmu ce in mota ta lalace a taru a bayanta ana hira, ko a shimfiɗa darduma a gabanta don a sami inuwa. Wuraren nan biyu su ne mafi muni, domin in wata motar ta kwaso ta daki taka, su za ta fara murƙushewa. Yara a riƙe su a hannu. Tsoho ko mara lafiya ma a taimaka masa ya sauko, don motsin mutum ɗaya a kujera ya isa ya karkata jak.

Alamar gargaɗi a kai ta baya, taku 50 aƙalla, a babbar hanya irin ta Kaduna zuwa Zariya kuwa taku 100 ma bai yi yawa ba. Wanda ya ajiye ta a gindin bamba bai gargaɗi kowa ba, don mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. Ganyen da direbobin manyan motoci ke karyowa su jera a titi yana taimakawa da rana, amma da dare ba ya ƙyalli. In ka sa ganye ko duwatsu, ka kwashe su kafin ka tafi. Dutsen da aka bari a kan kwalta shi ke fasa tayar na baya.

Yanzu waigi. Mutane da yawa suna ganin tunda sun ja birkin hannu shi ke nan, amma birkin hannu tayoyin baya kawai yake riƙewa a yawancin motoci. In ka ɗaga ɗaya daga cikinsu, saura ɗaya ke nan ke riƙe da motar. Haka ita ma giyar P tayoyin da inji ke juyawa take kullewa, wato na gaba a motoci irin su Corolla, Camry da Accord. Shi ya sa ake sa waigi a tayar da ke can kusurwar da ke gicciye da mai facin: in ta gaba ta hagu ce ta sace, a tare ta baya ta dama, gaba da bayanta. In babu waigin katako, manyan duwatsu biyu masu faɗi sun wadatar, a tura su da ƙafa su matse.

Mai babbar riga ya tuɓe ta ya ajiye a kujera, mace kuma ta tattare mayafi ta ɗaure, kada hannun jak ya naɗe shi. Sannan a fito da safaya, jak da sufana tun yanzu, a ajiye su kusa. Kada a bari sai mota ta hau sama a fara jan kaya daga but.

Sassauta notuna

In akwai marfi a kan rim, a ɓamɓare shi da bakin sufana, a kifa shi a ƙasa ya zama mazubin notuna. Noti in ya faɗa yashi, nemansa ya fi canjin tayar cin lokaci.

Ana sassauta notuna ne tun taya tana ƙasa, nauyin mota yana danne da ita. Wanda ya fara ɗaga mota sannan ya kama kokawa da noti, ko dai tayar ta riƙa juyawa a banza, ko kuma ƙarfin da yake sawa ya ture motar daga kan jak. Kwancewa ta hagu ce, akasin tafiyar hannun agogo. Ga wanda yake rikicewa, ga hanya mai sauƙi: ka fuskanci tayar, ka zura sufana ta zauna sosai a kan noti, hannunta ya miƙe ta hagunka a kwance, sai ka danna ƙasa. In ya ƙi, ka dafa mota da hannu, ka ɗora ƙafa ɗaya a ƙarshen sufanar, ka sakar mata nauyin jikinka a hankali. Ba a tsalle a kai, don sufanar na iya zamewa ta cinye kan notin ko ta daki ƙauri. Da wannan dabarar mace ko yaro matashi ma za su iya kwance notin da ƙato ya ɗaure. Guntun bututun ƙarfe da za a zura a hannun sufana ya ƙara mata tsawo yana sauƙaƙa aikin sosai, amma na kwancewa ne kaɗai.

Kowane noti rabin juyi ya ishe shi, a dai karya taurinsa a bar shi a wurinsa. Ka yi hattara da zafi: bayan doguwar tafiya rim da notuna da farantin birki suna iya ƙona hannu. Masu ƙananan motocin ɗaukar kaya irin su Canter kuma su duba kan ƙarfen da notin ke hawa, domin a wasunsu na ɓangaren hagu a juye aka yi su, da alamar L a jiki, ta dama ake kwance su. An sha karya ƙarfe saboda rashin sanin wannan.

Jak

Ba ko'ina ake kafa jak ba. A ƙaramar mota, in ka sunkuya ka shafa ƙarƙashin bodi tsakanin tayar gaba da ta baya, za ka ji wani siririn ƙarfe ya bi tsawon motar. Kusa da kowace taya, wato bayan ta gaba kaɗan da gaban ta baya kaɗan, akwai wurin da aka yi masa 'yan tsaga biyu ko wata alama. Nan ne aka ƙarfafa don ɗaukar nauyi, kuma kan jak ɗin motar yana da rami da aka yi don wannan ƙarfen ya zauna a ciki. In ka kafa a wani wurin, ko dai bodin ya lotsa, ko jak ya huda ƙasan motar, ko ya zame. Motoci masu shasi irin su Hilux wurinsu daban ne, a jikin shasin ko ƙarƙashin ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kuma littafin motar yana nuna hotonsa.

Gindin jak ya zauna a miƙe a kan abu mai tauri. Yashi, laka, har kwalta mai laushi da tsakar rana duk suna haɗiye gindin jak a hankali, kuma ba sa haɗiye shi daidai, gefe ɗaya ke fara nutsewa. Nan ne katakonka zai yi amfani: ka share wurin, ka shimfiɗa shi, ka ɗora jak a tsakiyarsa. Kada ka yi wa jak matashi da bulo na siminti ko tarin duwatsu. Bulo yana fashewa ne farat ɗaya, ba ya ba da sanarwa.

Ka murza da hannu har kan jak ya taɓa wurinsa, ka sake leƙawa ka tabbatar ya zauna, sannan ka sa hannun jak ka ci gaba a hankali. Idonka ya kasance a kan jak ɗin. In ka ga ya fara karkata ko kaɗan, ka sauke ka gyara, kada ka ce bari in ƙarasa da sauri. Da motar ta ɗan ɗagu, ka tura safaya a kwance ƙarƙashin bodi kusa da jak. In jak ya zame, motar za ta faɗa kanta maimakon ta daki ƙasa da farantin birki ko ta danne hannu. Ka ci gaba da ɗagawa har mai facin ta bar ƙasa da kamar yatsu uku, domin safaya mai iska ta fi ta tsayi, kuma ba a son a zo sawa a tarar sai an ƙara ɗagawa babu taya a jiki.

Daga nan har motar ta sauka, ko hannu ko ƙafa ko kai, babu abin da zai shiga ƙarƙashinta. Jak ɗin da ke zuwa da mota an yi shi ne don canjin taya kawai. In noti ya gangara ƙarƙashi, a jawo shi da sanda. Ba a buɗe ƙofa a rufe da ƙarfi, ba a jingina da mota, ba a kunna inji.

A hanyoyinmu da wuya ka durƙusa gaban taya wani bai tsaya ya ce, "Sannu Alhaji, a kawo hannu?" ba. Wannan halin kirki ne, kuma Hajiyar da ke tafe da yara ita kaɗai ba ta da dalilin ƙin karɓa in wurin da jama'a. Amma ko wa ya karɓi sufanar, motar taka ce. Kai za ka nuna inda za a kafa jak, kai kuma za ka bi notuna a ƙarshe. In masu taimako sun yi yawa, mutum ɗaya ya yi aikin, ɗaya ya tsaya can baya yana kallon titi, sauran su ja gefe.

Cirewa da sawa

Ka ƙarasa kwance notunan da hannu, na sama ya zama na ƙarshe don tayar kada ta rinjayo. Ka kama ta da hannu biyu ta gefe da gefe, ka jawo ta kai tsaye zuwa gare ka. Wani lokaci rim yana mannewa saboda tsatsa. In ɗan bugu da tafin hannu bai sake shi ba, kada ka hau shi da shuri motar tana sama. Ka mayar da notunan ka bar su sako-sako kaɗan, ka sauke motar, ka girgiza ta gefe da gefe har ka ji ya saki, sannan ka sake ɗagawa.

Da ta fita, ka jawo safayar daga ƙarƙashi, ka tura mai facin a madadinta. Ka goge fuskar da rim zai zauna da tsumma, don yashi ko ɓawon tsatsa da ya maƙale a tsakani yana sa notuna su sassauta daga baya. Ka gangaro da safaya, bakin bawul yana kallon waje, ka daidaita ramukanta da ƙarafan da notuna ke hawa. Maimakon ka ɗaga ta da ƙarfin baya, ka sa sufana a ƙarƙashinta ka ɗan cicciɓa, sai ta hau cikin sauƙi. Masu Golf, Sharan, Peugeot da Mercedes aikinsu ya ɗan fi wuya, don motocinsu ba su da waɗannan ƙarafan da ke fitowa, kusoshi ne ake zurawa ta cikin rim su shiga rami. Sai an riƙe tayar da gwiwa, an daidaita rami da rami, an fara sa na sama.

Kowane noti da yatsu ake fara ɗaura shi, ɓangarensa mai tsini yana kallon rim. In ya yi tauri tun juyin farko, ya hau a karkace, ka kwance ka sake. Wanda ya tilasta shi da sufana zai cinye zaren ƙarfen, kuma wannan aikin makaniki ne. Ba a shafa wa notuna mai ko giris, don hakan yana sa a ɗaure su fiye da kima ba a sani ba. Bayan duk sun hau, ka ɗan matse su da sufana da hannu ɗaya, iya yadda rim zai kwanta ya daina motsi. Ba a bin su a jere. In huɗu ne, ka ɗaure ɗaya ka tsallaka wanda ke fuskantarsa. In biyar ne, ka riƙa tsallake ɗaya kana kama na gaba, kamar kana zana tauraro. Dalili shi ne rim ya zauna daidai ta kowane ɓangare. In aka matse gefe ɗaya tun farko, zai kwanta a karkace, kuma ko notunan sun yi tauri a lokacin, tafiya kaɗan za ta sassauta su.

Sai ka jawo tsohuwar tayar daga ƙarƙashi, ka sauke motar a hankali har nauyinta ya koma ƙasa, ka zare jak. Yanzu ne lokacin ɗauri na gaske, da wannan tsarin na tsallake, zagaye biyu. Ƙarfin hannu da nauyin kafaɗa a kan sufanar motar sun isa. Ma'aunin da Toyota ta ba yawancin ƙananan motocinta shi ne 103 a ma'aunin Nm, Honda kuma 108, wanda bai kai a hau sufana da ƙafa ana tsalle ba, yadda wasu yaran masu faci ke yi don a ga sun yi aiki. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙarfe har ya karye, kuma shi ne ke sa ka kasa kwancewa ranar da kake kai kaɗai. In aka yi rashin sa'a notuna suka ɓace, ana iya aro ɗaya-ɗaya daga sauran tayoyin uku, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa.

Ka kwashe waigi, ka ɗauko alamar gargaɗi a ƙarshe bayan kowa ya shiga, kana tafiya ta gefe kana fuskantar motoci.

Bayan an tashi

In safayarka cikakkiyar taya ce irin sauran, ka tsaya wurin mai faci na farko a duba iskarta, a sake bin notunan bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100. In kuwa siririyar nan ce da ke zuwa da motoci da yawa, ka karanta takardar da ke manne a jikinta: ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma iskarta 60 ce a geji, kusan ninki biyu na sauran. Ba ta riƙe birki da kwana kamar cikakkiya. An yi ta ne ta kai ka wurin gyara, ba ta kai ka daga Kano zuwa Abuja da lodi ba.

A wurin mai faci, ka tsaya ka ga inda ƙusar ta shiga. Ramin da ke kan fuskar da ke taka ƙasa, in faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, yana gyaruwa, kuma facin da aka cire taya daga rim aka liƙa ta ciki ya fi wanda aka cusa daga waje aminci. Amma yanka ko ƙullutu a kuiɓin taya ba shi da magani, don wurin yana lanƙwashewa a kowane juyi, kuma wayoyin ciki sun riga sun tsinke. Za a sami wanda zai ce zai ɗinke ko ya sa tib a ciki. Kada ka yarda, ko a matsayin safaya. Haka tayar da aka yi tafiya mai nisa a kanta babu iska: in aka buɗe aka ga garin roba a ciki, ta gama aiki.

Iskar da za a sa kuma kai za ka faɗa. Adadin da ya dace da motarka yana rubuce a wata takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35. Lambar da ke jikin tayar ita ce iyakar abin da za ta iya ɗauka, kuma masu faci da yawa sun saba ɗura 45 ko 50 ga kowa, wai don taya ta yi ƙarfi. Ana auna iska ne taya tana da sanyi. In ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta ɗan haura, zafi ne, kada ka rage.

In sayen wata tayar ya kama, ka nemi rubutun DOT a kuiɓinta, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin an yi ta a mako na 23 na 2021. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, kuma tayoyin gwanjo da yawa zanensu yana nan da kyau amma shekarunsu sun ja. Ka lanƙwasa kuiɓin da hannu ka duba ko akwai ƙananan tsage-tsage, ka kuma tabbatar girmanta, irin 195/65 R15, ya yi daidai da na sauran. In an gyara ko an sayo, a mayar da ita kan motar a ranar, safaya ta koma but da iskarta cike, jak a naɗe shi a ɗaure a mazauninsa.